Shekara huɗu a shagon tura fina-finai

Ranar Alhamis da ta wuce na miƙa makullin shago, bayan shekara huɗu ina zaune gaban kwamfuta kusa da Kasuwar Dole ina tura wa mutane fina-finai a waya. Duk wanda ya yi sana'ar nan a Damagaram ya san jama'arsa. Ƴan mata na Indiya mai fassara suke so, da na Kano. Samari kuwa, musamman masu ɗaga ƙarfe na wajen Kara-Kara, maganarsu ɗaya ce: "Sa min na jarumai."

Na daɗe ina lura da abin da ke jan su, kuma ba tashi sama ba ne kaɗai. Yaron da ya wuni a layin famfo da jarka biyu, ya dawo gida ya tarar ba wuta, so yake ya ga mutum ɗaya da ba a taka shi a wuce. Spider-Man maraya ne, a hannun baffansa da matarsa ya tashi, kuɗin haya ma kan gagare shi, shi ya sa suke jin sa kamar ɗan unguwa. Black Panther tun 2018 ya fito amma har yau ana nemansa. Sarki ne na wata ƙasar Afirka da Turawa ba su taɓa mallaka ba, kuma a garin da Faransawa suka ci da yaƙi a 1899 ba sai an yi wa kowa bayani ba.

Ni jarumina maigidana ne. Dogo ne, mai faɗin ƙirji, idan rigima ta tashi a bakin shago tsawa ɗaya yake yi kowa ya shiga taitayinsa. Yakan biya wa ƴan fada kuɗin shayi, yakan kira ni ƙanena a gaban mutane. Da ya ce in shiga wuta a lokacin, da na shiga.

Jarin shagon na wani Alhaji ne, kawunsa. Sau uku ina gaya wa maigida a sayi na'urar daidaita wuta da diski na biyu, Alhaji ma ya ba da kuɗin, amma suka bi wata hanya. Wata rana da bazara wuta ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi. Na ji ƙauri kafin in ga hayaƙi. Fina-finan da muka yi shekaru muna tarawa, duk suka tafi a lokaci guda.

Da daddare ya same ni a ƙofar gidanmu, ya dafa kafaɗata. "Ƙanena, ka rufa min asiri. Ka ce kai ka jona kai tsaye ka manta. Ni zan ji da sauran." Washegari na durƙusa gaban Alhaji na faɗi abin da ban yi ba. Ya zage ni tas a gaban yaran shago da maƙwabta, ya yanke a riƙa cire jika goma daga albashina har wata bakwai. Maigida yana tsaye a gefe yana latsa waya. Na yi ta jira ƙarshen wata ya mayar min a ɓoye. Wata bakwai ɗin nan ko dala bai ba ni ba, kuma bai sake ɗaga maganar ba, sai dai ƙanena, ƙanena a gaban jama'a kamar da.

Wadda zan aura ce kaɗai na gaya wa gaskiya. Na zaci za ta taya ni zaginsa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ya cuce ka, amma kai ma ka yi wa dattijo ƙarya." Na yi kwana uku ban je zance ba saboda fushi. Ranar da na koma, ta miƙo min kwasar adashinta a ƙulle cikin leda, ta ce in biya haya, kuma kada kowa ya ji. Har yau ko mahaifiyarta ba ta sani ba. Nakan tuna da ita idan na ga hoton Chadwick Boseman, ɗan wasan da ya fito a matsayin Black Panther, wanda ya yi shekara huɗu yana fama da ciwon daji, yana aikin fim bai sanar da duniya ba, har ya rasu a 2020 yana da shekara 43.

Ga wanda zai zauna a kujerata: ka rubuta duk abin da ka nema a saya, da ranar da ka nema. Kada ka ba yaro bashin fim. Kada kuma ka ɗauki laifin wanda ya fi ka albashi.

Wata biyu da suka wuce maigida ya turo manya neman auren ƙanwata. Gida ya ɗauki murna, ana cewa ta yi sa'ar namiji. Baba ya kira ni zaure bayan isha'i ya ce, "Kai ka zauna da shi. Yaya halinsa?" Na ce, "Baba, zan gaya maka abin da na gani da idona." Na fara daga ranar da wuta ta dawo, ban rage nawa laifin ba. Bai katse ni ba har na gama. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce gobe in raka shi gidan Alhaji.