Talata, ni da Kawu wajen lauya

Yau ban buɗe shago ba. Da hantsi na goya Kawu a babur muka tafi wajen wata lauya, ƙawar Yaya, kan maganar kuɗinsa. Kamfanin da ya yi wa tuƙi sama da shekara 10 ya sallame shi tun kafin azumi, da bashin albashin wata 3 a kansu. Duk sanda ya je bakin ƙofa sai a ce manaja ba ya nan.

Da ƙyar na shawo kansa, don shi kullum maganarsa ɗaya ce, ya bar wa Allah. Na ce masa, "Kawu, guminka ne fa, kuma masu makarantar yara ba za su yi maka irin wannan haƙurin ba."

Barista ta sa ya zazzage ledar da ya zo da ita a kan tebur. Ga katin aiki da hotonsa ya koɗe, ga takardar ɗauka da ta kusa rabewa wajen ninki, ga ta sallama, layi uku kacal. Ta ce a Dokar Ƙwadago, wanda ya kai shekara 5 a wajen aiki sai an ba shi sanarwar wata guda, ko a biya shi kuɗin watan. Shi kuwa ranar da aka miƙa masa takarda, ranar aka karɓe makullin mota. Bashi ya zama na wata 4 ke nan.

Maganar fansho ce ta fi ƙona min rai. Dokar 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, kamfani ya ƙara kashi 10, a zuba a asusunsa cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. Kawu ya ce ai saƙon fansho ya daɗe da daina shigo masa, ya ɗauka wayarsa ce ta samu matsala. Alhali kowane wata ana cirewa. Bawan Allah nan da asuba yake fita!

Ta ce za ta fara rubuta musu wasiƙar neman biya, ta ba su wa'adi. In sun yi kunnen ƙashi, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya damƙa wa irin waɗannan shari'u, kuma tana da reshe a nan Kano. Akwai ma sashen sasanci a cikinta. Ba ta yi mana alkawarin za a gama da wuri ba, hakan ya sa na ƙara yarda da ita.

A hanyar dawowa Kawu ya ce mu biya gidan maigadin da aka sallame su tare. Shi ko takardar ɗauka ba a taɓa ba shi ba, amma ta banki ake biyansa, na ce kada ya goge saƙon ko ɗaya. Gobe in Allah ya kai mu, mu uku za mu je banki karɓo bayanan asusu.