Yadda Na Kashe Kalangun Kawu da Hannuna

Har yau idan waƙar nan ta tashi a wayar wani a teburin mai shayi, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Jama'a na kaɗa kai, ni kuwa abin da babu a cikinta nake ji.

Yayana ne mai waƙar, da 'yan amshi uku, da yaro mai fiyano, sai Kawu da kalangunsa. Bukukuwa suke yi a ƙauyukanmu na ƙasar Ringim. Kuɗin sitidiyo a Kano, ga na mota ga na abinci, ya fi ƙarfinsu. Ni kuma ina da tsohuwar kwamfuta mai FL Studio, manhajar haɗa waƙa, na ƙona data a YouTube wata biyu, har na fara jin kaina injiniya. Muka rataya barguna a zaure, makirufo ɗaya, kowa ya shiga bi da bi bayan isha'i. Waƙa huɗu cikin dare uku, ba wata tangarɗa.

Sai dai batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, dole muka jona ta da ɗan janareto. Da na zauna miksin, wato haɗa muryoyi da kiɗa a daidaita su, sai ga wani gurnani kwance a ƙarƙashin kowace murya. Yanzu na san dalili: wutar ƙasar nan a kan 50 Hz take tafiya, wato kaɗawa hamsin a daƙiƙa, gurnanin yana zaune a nan, 'ya'yansa kuma a 100 da 150. Abin yi kawai shi ne a buɗe EQ, wurin rage ko ƙara wani sashe na sauti, a yanke waɗannan wurare siriri-siriri, a kuma share duk abin da ke ƙasa da 80 a muryoyin mutane. Aikin minti goma.

Ni fa? Na kwashi fayilolin na kai wata manhajar, Audacity, wurin rage hayaniya. Kana ba shi samfurin gurnanin, shi kuma ya bi sautin yana cire duk abin da ya yi kama da shi. Na yi sau ɗaya, ya ragu. Na ƙara. Na sake ƙarawa. Ƙarfe biyu na dare, iyafis a kunne tun magariba, kunnen ya riga ya gaji, komai daɗi yake mini. Ban lura cewa ƙugin kalangu a unguwa ɗaya yake da gurnanin ba. Wannan jan sautin da ke fita idan makaɗi ya matse shi a hammata ya saki, wanda da shi kalangu ke magana, shi na bi na kankare tas.

Da nan na tsaya, da sauƙi. Kwamfutar ta ce wuri ya cika, sai na adana gyararrun a kan na asali, sauran kuma na matse su zuwa MP3 na goge WAV ɗin, wato cikakkun fayilolin asali. Da hannuna, ba wanda ya sa ni.

Mastarin ma, wato gyaran ƙarshe na waƙa, na yi ɓarna, don Yaya ya matsa sai ta yi ƙara kamar waƙoƙin Kano, na danne limita, abin da ke tare ƙarar sauti, har jan gargaɗi ya cika allo. Amma wannan ya gyaru daga baya: na sassauta, na tsayar da iyakar ƙarar a -1 dB, na gwada a ƙaramar waya da sifikar mai caji. Abin da ke da asali a ajiye yana gyaruwa. Kalangun ne ba shi da shi.

Ranar da muka kunna wa Kawu, ya saurara har ƙarshe bai ce uffan ba. Sannan ya ce, "Ɗana, wa ya kaɗa muku wannan?"

Na ce, "Ai kai ne, Kawu."

"A'a. Nawa yana magana. Wannan ƙwanƙwasa ƙwarya ake yi."

Ashe a tsakiyar waƙar kirarin uban amarya ya kaɗa, duk ɗan garin da ya ji zai gane. Babu shi. Na ce a sake ɗauka, ya ce jibi zai tafi ci-rani, sai damina. Kafin in yi wani tunani, Yaya ya riga ya kai wa mai turi a kasuwar Gujungu ran Lahadi, ta shiga memori ta bi Xender. Wa zai kamo ta?

Duk wanda zai fara wannan aiki, don Allah ya kwafe fayilolin asali a filashi ya ba matarsa ko gyatumarsa ta ɓoye, kafin ya taɓa komai. Ya kashe janareto lokacin ɗauka, ko da aron batirin sola zai yi. Kada ya yanke hukunci da dare, ya bari sai da safe. Kuma ya kira makaɗin ya ji tun aikin na ɗanye. Da na yi haka, da Kawu ya tsayar da ni tun a kankarewar farko, kafin in kai ga gogewa.

Kawu ya dawo da ruwan farko. Na same shi a gona na ce na sayi sabon batiri. Bai ɗago daga kan fartanyarsa ba, ya ce, "Sai an gama noman fari."