Tosta: Abin da Aikin Gyara ke Koyarwa Game da Na'urar Gasa Burodi

A teburin mai gyaran kayan lantarki, tostar da aka kawo da sunan ta ƙone da wuya a tarar ƙonewar ta yi da gaske. Akasari abu biyu ne ke kashe ta: datti da ya taru a ciki, da wutar da ba ta dace da ita ba. Wayar da ke yin ja tana gasa burodin tana da juriya ƙwarai. Gami ce ta ƙarfe biyu, nikel kashi 80 da kuromiyam kashi 20, wadda wani Ba'amurke mai suna Albert Marsh ya yi wa rajista a 1906, kuma har yau ita ake naɗawa a cikin dutsen guga da hita da tosta. Idan ba a zungure ta da wuƙa ba, sai ta yi shekaru.

Iri biyu ake kira tosta a gidajenmu, kuma kowace da halinta. Akwai mai rami, wadda ake zura yankan burodi a tsaye, a danna mariƙi ƙasa, in ya gasu ya yi tsalle ya fito. Akwai mai murfi, wadda ake haɗa yanka biyu da ƙwai ko kifin gwangwani a tsakiya a rufe. Ta biyun ta fi yawa a kicin ɗinmu, amma ta farkon ta fi rikitar da mutane.

Maganar wuta ita ce kan gaba, domin a nan ake tafka asara. Mai rami biyu tana jan wat 800 zuwa 1000, mai rami huɗu tana kaiwa 1500 ko fiye, mai murfi kuwa wajen 700 zuwa 750. Adadin yana rubuce a takardar da ke manne a ƙasanta. Ƙaramin janareton nan da ake sa wa mai haɗe da baƙin mai, ƙarfinsa na gaskiya bai wuce wat 650 ba. Da an jona masa tosta sai muryarsa ta canza, ƙwan fitila ya dushe, in an nace kwail ɗinsa ya ƙone. Haka inbata: mai kVA 1 wajen wat 800 take bayarwa, kuma tosta mai wat 900 za ta zuƙi sama da amfiya 75 daga batir mai bolt 12. Minti uku ne kawai, amma minti ukun nan kowace safiya suna gajartar da ran batir. Abin mamaki, a kuɗin mita tosta ba ta da ci: wat 900 na minti uku bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na yunit guda ba. Matsalarta jan wuta da yawa a lokaci ɗaya, ba tsada ba.

Safiya ita ce lokacin da ake haɗa komai a soket ɗaya. Butar lantarki ta ruwan shayi tana jan wat 2000 ko sama, a ƙara tosta, an kusa 3000, wanda shi ne iyakar filogi mai fiyus ɗin amfiya 13. Ƙananan ekstenshan na kasuwa kuwa siririyar wayarsu ba ta ɗaukar ko rabin haka. Da farko sai a ji ƙaurin roba, sannan bakin soket ya yi baƙi. A jona tosta kai tsaye a soket ɗin bango, a bar ruwa ya tafasa tukuna kafin a danna ta.

Idan wutar NEPA ta zo ba ƙarfi, zafin tosta yana raguwa fiye da yadda ake zato. Wuta ta sauko daga bolt 230 zuwa 180, zafi ya koma kusan kashi 60 cikin ɗari. Wayar ba za ta yi ja sosai ba, burodi ya daɗe a ciki yana bushewa har tsakiya, ya fito fari kuma tauri. Gashi mai kyau yana son zafi mai ƙarfi na ɗan lokaci, fuska ta yi ja, ciki ya zauna da laushi. Akasin wannan shi ne tostar gwanjo da aka kawo daga Amurka ko Kanada, wadda aka ƙera don bolt 120. In aka jona ta a wutarmu za ta ja kusan ninki huɗu na ƙarfinta, cikin daƙiƙu ta ƙone. Kafin a biya kuɗin ta gwanjo, a juya ta a tabbata an rubuta 220 zuwa 240.

Ƙorafin da aka fi zuwa da shi a kan mai rami shi ne mariƙi ya ƙi tsayawa a ƙasa. Abin da ke riƙe shi maganaɗisu ne na lantarki. In an danna, wuta ta shiga, maganaɗisun ya kama wani ɗan ƙarfe, lokaci ya cika ya saki, sifirin ya harbo burodi. Saboda haka in babu wuta, ko fiyus ɗin filogi ya tsinke, mariƙi ba zai taɓa tsayawa ba, lafiyarsa lau. In akwai wuta kuma waya tana yin ja muddin hannu na danne da mariƙin, to ɓurɓushin burodi ne ya shiga tsakanin maganaɗisu da ƙarfen. A kwance rufin jikin tostar, a goge fuskar maganaɗisun da ta ƙarfen, aiki ya dawo. Mai gyara yakan kuma auna wayar da mitar gwaji daga bakin filogi, mariƙi a danne, ba a jone da wuta ba: tosta mai wat 900 tana nuna om 55 zuwa 60, wato ma'aunin turjiyar waya ga wuta. In mita ba ta nuna komai ba, wani wuri ya tsinke.

Ɓurɓushi shi ne babban abokin gaba. A ƙasan tosta akwai ɗan faranti da ake zarewa, gidaje da yawa ba su ma san da shi ba. Iyalin da ke gashi kullum su zubar da shi sau ɗaya a mako. A zare filogi, a bari ta huce, a cire farantin a wanke a shanya, sannan a kifa tostar a kan kwandon shara a girgiza a hankali. Kada a bubbuga ta, domin wayar a naɗe take a jikin wani siririn allo mai ƙyalli da ke ɓarewa da wuri. Ɓurɓushin da aka bari yana hayaƙi, yana iya kamawa da wuta, da dare kuma ya gayyato kyankyaso da kiyashi, har ɓera. Kyankyaso na son ɗumin wajen ƙaramin allon da ke ƙidayar lokaci, kashinsa kuwa yana haɗa wuta a wurin. Da hunturu ƙura ma tana sauka a ramukan, don haka a rufe ta da tsumma, amma sai ta huce sarai.

Burodi ya maƙale, kada a sa wuƙa ko cokali. Wayar nan tsirara take. A zare filogi, a ciro da tsinken katako. Kuma ba a shafa bota kafin a zura a mai rami, sai ya fito, domin mai yana ɗiga kan waya ya yi hayaƙi.

Burodinmu na gida yana da sukari da laushi, shi ya sa yake ƙonewa da wuri. Lambar da ta dace da shi a maɓallin daidaita gashi biyu ce ko uku, kuma lambobin nan a yawancin tosta ba mintuna ba ne, matakin gashi ne kawai. Kaurin yanka ya kai santimita ɗaya da ɗan ɗoriya. In ya fi haka sai ya taɓa raga, in bai kai ba ya lanƙwashe. Burodin da ya kwana ya fi sabo gasuwa da yankuwa. Zagaye na biyu yakan fi na farko saurin ja saboda cikinta ya riga ya yi zafi, sai a rage lamba ɗaya. Wanda ya sayi burodi da yawa ya yanka ya sa a firiza, ba firji ba, don sanyin firji yana saurin taurara shi.

Mai murfi kuwa, a maganar bota, akasin mai rami take so: a shafa bota a bayan burodin, gefen da zai taɓa ƙarfe. A kunna ta babu komai har fitilar ta nuna ta yi zafi, sannan a sa, minti uku zuwa biyar. Cokali biyu na haɗi ya ishi kowane yanka, a bar gefe ba komai don bakin ya manne. Kifin gwangwani a tsane mansa, tumatir a rage ruwansa, ƙwai a ɗan soya shi tukuna. Ɗanyen ƙwai yana malalowa ta wajen maɗaurin murfi, inda wayoyin sama ke wucewa, ya ƙone ya daskare a can. Cika ta fiye da kima kuma shi ke karya ƙugiyar hannu. Ana goge ta tana da ɗumi da tsumma mai laima, ba soson ƙarfe, ba tsomawa a ruwa. Abin da ya manne a ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma a rufe na minti biyar, zai saki.

Idan mai murfi ta mutu gaba ɗaya, ko fitila ba ta kawowa, a fara duba fiyus ɗin filogi, sai ɗan fiyus ɗin zafi da ke ciki, sai wayoyin maɗauri da buɗewa da rufewa ke karyawa. Wasu masu gyara sukan haɗe fiyus ɗin zafin da waya don aiki ya tafi. Kada a yarda. Shi ne ke yanke wuta idan na'urar daidaita zafi ta maƙale, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. A sa sabo mai lamba daidai da wadda ke rubuce a jikin tsohon, a matse shi da ƙarfen matsewa, domin zafin dalma yana iya tsinka shi tun kafin a rufe murfi.