Abin da Kawu ke ɗaurawa a wuyan hannu

Duk mai yin allurar insulin ta ciwon suga, ko mai farfaɗiya, ko wanda jikinsa ba ya karɓar wani magani, ya kamata a samu rubutu a jikinsa da zai yi bayani ranar da bakinsa ya kasa. Katin ɗan ƙasa ba ya faɗin ciwon da mutum ke da shi. Waya kuwa kusan kowa a kulle yake barinta.

Kawuna ɗan kasuwa ne, yana sintiri tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa, kuma ya daɗe da ciwon suga. Wata safiya ya yi allurarsa ya fita bai karya kumallo ba. A tasha gumi ya keto masa, hannu na rawa, magana ta sarƙe. Jama'a suka taru, kowa da niyyar alheri: wannan na tofa addu'a, wancan na yayyafa ruwa, wasu na cewa iskoki ne. Har aka samu mai raɗa wai ko ya sha wani abu ne, dattijon da bai taɓa ko taba ba. Wannan maganar har yau tana mini zafi. Sai da aka kai shi likita majo, wato ma'aikacin jinya, ya auna jininsa, ya ga suga ne ya faɗi ƙasa warwas. Idan awon suga ya sauka ƙasa da giram 0,70 a litar jini an shiga haɗari. Da an sani tun yana iya haɗiya, suga cokali uku a ruwa ya isa ya farfaɗo da shi. Wanda ya suma kuwa ba a ɗura masa komai a baki, likita ake nufa da shi.

Da na kawo masa shawarar ɗaura awarwaro mai rubutun ciwonsa, ya ƙi. "Kai yaro, in rinƙa yawo ina tallar ciwona?" Na ce, "Kawu, ai ku kuka saba ɗaura kambu a dantse don tsari, wannan ma tsari ne." Ya yi shiru kwana biyu, sannan ya yarda. Wani maƙerin azurfa ya buga mana faranti siriri, aka zana DIABÈTE, INSULINE, wato ciwon suga da insulin, da lambar wayar babban ɗansa. Da Faransanci muka sa, don shi ma'aikatan lafiyarmu ke karantawa. A aljihu kuma akwai kati mai leda da Hausa, ɗauke da sunayen magungunansa, saboda yakan tsallaka Jibiya da Katsina.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1956 wani likita a Kaliforniya ta Amurka, Marion Collins, ya kafa MedicAlert, ƙungiyar da ke yin irin wannan awarwaro, bayan 'yarsa ta kusa rasa rai a gwajin allurar tetanus da jikinta bai karɓa ba.

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai masu farfaɗiya ne. A garin nan har yanzu ana gudunsu wai miyau na yaɗa ciwon, alhali ba ya yaɗawa, wasu kuma su cusa cokali a baki su karya wa mutum haƙori. Abin yi in ciwon ya tashi wa mutum shi ne a kawar da abin da zai ji masa rauni, a kwantar da shi ta gefe, in jijjigar ta wuce minti 5 a kai shi likita. Iyaye na ɓoye ciwon don kada yarinya ta rasa miji, na gane tsoronsu. To a sa mata sarƙa mai rubutun ciwon a cikin riga, wadda majo zai gani in ya zo dubata, a kuma shaida wa malaminta na makaranta.