Tsirrai masu ƙamshi da ke jure zafi a cikin tukunya

Kafin a zaɓi tsiro, a fara da tukunya. Baƙar roba tana dafa saiwa a bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Tukunyar ƙasa ta fi, amma a huda gindinta, a cika ta da kashi biyu na ƙasa, ɗaya na yashi, ɗaya na ruɓaɓɓen takin shanu. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake.

Daɗɗoya ce mafi sauƙi. Tana son ranar safe ta kamar awa 6. Da zarar ta fara fure a tsinke kan, in ba haka ba ganyen ya ragu, ta tsufa da wuri. Na'ana'a kuwa ba ta son ranar la'asar, kuma a ba ta tukunyarta ita kaɗai, domin saiwarta mamaye maƙwabta take.

Yasmin ta cancanci wahalarta. Da dare take sakin ƙamshi, don haka a ajiye ta kusa da taga ko inda ake shimfiɗa tabarma. A sababbin rassa take fure, shi ya sa ake rage mata reshe bayan kowane zubin fure. Kashin kaji in ya yi yawa, sai ganye shar ba fure. Tukunyarta ta kai zurfin santimita 30.

Lavender, wato shukar nan mai ƙamshi da shunayyar fure da ake gani a hotunan intanet, a haƙura da ita. Damina ruɓar da saiwarta take.

Ban ruwa da sassafe, bayan an tura yatsa an ji saman ƙasar ya bushe. Da hunturu a riƙa wanke ƙurar ganyen, har ta ƙarƙashinsa inda ƙananan ƙwari ke ɓuya.