Bakin 'yan Guangzhou a wajen cin abinci

Duk mai zuwa birnin Guangzhou na kasar China saro kaya ya san mutanen nan basa wasa da ciki. Yarensu Kantonis ne, irin na Hong Kong, daban yake da Mandarin, babban yaren China. In mutum yace maka "sik zo faan mei?" tambayarka yake ko ka ci shinkafa, amma fa gaisuwa ce kawai, su duk abinci shinkafa ne kamar yadda muke cewa tuwo.

Da safe kuma sai "yam caa", wai shan shayi, amma zaka ga an cika tebur da 'yan kananan kwanduna na dim sum, wato 'yan kananan abinci kala-kala da ake ci da shayi, tsofaffi na ta hira da jarida a hannu har rana ta daga. In an zuba maka shayi ka dan kwankwasa tebur da yatsu biyu, godiya kenan. Ruwa ya kare a buta? Daga murfin ka barshi a bude, zasu zo su kara.

Wadda ta fi muhimmanci garemu ita ce "ngo m sik zyu juk", bana cin naman alade, don wallahi har cikin miyar ganye suna sakawa. Gara ka nufi unguwar Xiaobei inda gidajen abincin halal suke. Ka gama kace "maai daan" a kawo lissafi, ragowar kuma "daa baau" a kunshe maka.