Saura ƙiris mu kama gida saboda makarantar da ba tamu ba

Tun da muka baro New York muka dawo Texas ake ta tambayata ya akai muka zaɓi unguwa, yawanci matan da muka zauna tare a Bronx ne waɗanda su ma haya ta ishe su suna son tasowa, to na gaji da maimaita labari ɗaya a waya shi yasa nace bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya kowa ya karanta ya huta.

Mu da muka taso a gida ai ba mu san wani haɗi tsakanin unguwa da makaranta ba. A Kano kana zaune a Hotoro ɗanka na karatu a Bompai, in kana da kuɗin makaranta da na mai a mota shikenan babu wanda zai tambaye ka a ina kake kwana. Nan ba haka bane wlh. Makarantar gwamnati kyauta ce tun daga kindagatin har aji 12, amma adireshin gidanka ne ke zaɓa maka wacce yaronka zai shiga. An yanka ƙasar gunduma gunduma ta ilimi, su suna ce mata distirik, a faɗin Amurka sun kai wajen 13,000, Texas kaɗai tana da sama da 1,000, yawancinsu kowacce da hukumarta da ake zaɓa da ƙuri'a da harajinta da kalandarta. A cikin distirik ɗin ma an sake yankawa, wannan layin firamare kaza wancan layin firamare kaza, sai ki ga titi ɗaya ne ya raba ku da maƙwabta amma yaranku ba bas ɗaya suke hawa ba.

Abban yara ne ya riga mu zuwa saboda aiki, ya zauna wata biyu wajen wani abokinsa yana neman gida. Duk wanda ya tambaya a masallaci sai ace masa Katy, Katy, ku nemi Katy makarantunsu na da kyau, wato wani gari ne a gefen birnin Houston. Rannan ya kira ni da murna wai ya samu, ɗaki uku da gareji da ɗan fili a baya, kuɗin bai kai abin da muke biya a ɗaki biyun Bronx ba, adireshin kuma ga shi nan baro baro an rubuta Katy, TX. A shafin da aka tallata gidan har an jera makarantu uku a ƙasa da maki 8 da 9 cikin 10. Nace Abban yara Allah ya sanya alheri, ka sa hannu kawai. Allah ya taimake mu ranar Juma'a ce kuma dillaliyar tace sai Litinin.

Da daddare bacci ya ƙi zuwa sai na shiga shafin distirik ɗin Katy ina son in ga ranar da za a koma makaranta, sai na ga wani wuri da ake saka adireshi ya nuna maka makarantarka. Na saka namu. Wai wannan adireshin baya cikin yankinmu. Na sake sakawa nace ko harafi na tsallake, haka dai. Ashe sunan garin da ke jikin adireshi na gidan waya ne kawai, babu ruwansa da iyakar distirik. Akwai gidaje masu adireshin Katy da suke ƙarƙashin distirik ɗin Cy-Fair, akwai na Lamar, sannan akwai masu adireshin Houston da suke cikin distirik ɗin Katy, wato Katy ISD. Shi kanshi birnin Houston ba distirik ɗaya ke riƙe da shi ba, akwai HISD wato distirik ɗin Houston, akwai Alief akwai Aldine da Spring Branch da Klein da Fort Bend duk sun ci wani ɓangare. Makarantun da shafin tallan ya jero kuwa na kusa da gidan ne kawai aka ɗauko, ba waɗanda aka rubuta wa gidan ba, kuma sun ma faɗa da ƙananan rubutu a ƙasa cewa mutum ya tabbatar da kansa, wa ke karanta wannan. Ba wai distirik ɗin da gidan ya faɗa ciki bashi da kyau bane, a'a, abin da ya tsorata ni shi ne za mu ɗaure kanmu shekara guda saboda makarantar da yaranmu ko ƙofarta ba za su taka ba.

Da safe Abban yara ya tambayi dillaliyar to ita wace makaranta take ganin ta fi, sai ta dinga kewaye kewaye wai ya duba da kansa. Ya ji haushi yace ɓoye masa wani abu take. Daga baya muka gane yawancinsu haka suke yi, akwai dokar hana wariya a harkar gidaje ta 1968, suna tsoron kar ace sun karkata mutum zuwa wata unguwa ko sun kawar da shi saboda launin fata ko addini, to maganar makaranta mai kyau da marar kyau tana iya ja musu wannan zargin. Kenan kar ki jira dillali ya yi miki wannan aikin.

Wata Hajiya da muke mutunci da ita tace min haba ke kuwa 'yata meye abin wahala, ku kama gida mai araha ku yi wa yaran rijista da adireshin wani ɗan uwa mana. Nace Hajiya ki rufa min asiri. A 2011 a Akron ta jihar Ohio sai da aka kai wata uwa gidan yari na 'yan kwanaki saboda ta saka 'ya'yanta a makarantar wata gunduma da adireshin mahaifinta, mahaifinta fa ba bare ba. Ranar rijista sai sun ga takardar haya ko ta mallakar gida da bil ɗin wuta ko na ruwa da sunanka, wasu distirik ɗin har bincike suke yi. Mu da muke baƙi ina mu ina wannan kasadar.

Dalilin da yasa suke tsanantawa kuɗi ne. Gwamnatin tarayya abin da take sakawa a makarantu kaɗan ne, wajen kashi ɗaya cikin goma, sauran daga jiha ne da harajin gidaje na yankin. Texas kuma bata karɓar harajin albashi na jiha shi yasa harajin gida yake da nauyi, kuma kaso mai tsoka a ciki na makaranta ne. Ko haya kike kina biya, mai gida ya riga ya lissafa shi a cikin kuɗin hayar. Shi yasa gida iri ɗaya sak, magini ɗaya, amma na wannan gefen titin yafi tsada.

To sai maganar makin nan, wanda shi ne ya fi cin min lokaci. Wani shafi mai suna GreatSchools ke bada shi daga 1 zuwa 10, shi ne zaki gani a shafukan tallan gidaje irin su Zillow, ita kuma jihar Texas tana da nata na A zuwa F da hukumar iliminsu TEA ke fitarwa. Ni da farko duk abin da bai kai 8 ba ko kallonsa bana yi. Sai wata malama 'yar Ghana da muka haɗu a wajen suna, shekararta goma sha tana koyarwa a nan, tace min ƙanwata wannan lambar rabinta aljihun iyaye take aunawa ba aikin malami ba. Na tsaya ina kallonta. Tace ki duba mana, yaron da uwarsa likita ubansa injiniya, an ɗaukar masa mai lesin, gida cike da littattafai, ko a ƙarƙashin bishiya kika zaunar da shi zai ci jarabawar jiha ta STAAR, to makarantar da ta tara irinsu ɗari bakwai dole makinta ya hau sama ko da malaman basu yi wani abin a zo a gani ba. Ita kuma makarantar da ake kawo mata yaro jiya ya sauka daga jirgi ko kalma ɗaya ta Turanci baya ji, cikin shekara guda ta ɗaga shi ya kusa kamo sa'o'insa, a takarda sai ki ga 5. Tace abin da zaki nema shi ne ci gaban da yaro ya samu daga bara zuwa bana, ba inda yake tsaye ba.

Na koma na duba kuwa, a makin jihar ma kashi uku ne, akwai na sakamakon jarabawa zalla, akwai na ci gaba, akwai na yadda makaranta take rage tazara tsakanin rukunin yara. Mutane harafin sama kawai suke gani su wuce. Da na fara buɗe ciki sai na ga abin mamaki, wata mai A ɗin ci gabanta bai kai na wata mai B ba, kuma in kika ware sakamakon yara baƙaƙen fata ko masu koyon Turanci, don ana ware su a rahoton, sai ki ga a makarantar da ake ta yabo namu yaran a baya suke sosai. Ni kuma ai ba matsakaicin makin makaranta zan kai aji ba, yarana zan kai, baƙaƙe masu suna irin namu, ɗaya da ɗan hijabinta. A rahoton shekara na kowace makaranta har shekarun da malamai suka yi suna aiki akwai da yawan yara a aji. Dokar jihar tace daga kindagatin zuwa aji 4 kar a wuce 22 a aji, amma ana iya neman a ɗaga musu ƙafa kuma ana nema, to ki tambaya.

Ban dai ce a watsar da lambar ba fa, in kika ga makaranta shekara da shekaru tana ƙasa, shugabanta bana daban baɗi daban, malamai na gudu, wannan ba sharrin lissafi bane akwai matsala. Kuma ki karanta labarin distirik ɗin gaba ɗaya, misali a 2023 jiha ta karɓe ragamar HISD ta sauke zaɓaɓɓiyar hukumar ta naɗa tata da sabon shugaba Mike Miles, har yau iyaye sun rabu wasu na cewa sakamako ya gyaru wasu na kukan yadda aka sauya komai, ko wane ɓangare kike gwara ki sani kafin ki shigo.

Da na sauka Houston makarantu uku na je da ƙafata. Na kira ofis nace muna shirin ƙaura ina son in zo in gani, biyu suka ce bismillah, ɗaya sai da na kira sau uku kafin wani ya ɗauka, na rubuta wannan ma a littafina. Abin da na fi kallo ba ginin bane don duk ginin nasu masha Allah, yadda matar gaban tebur ta karɓe ni na duba, da yadda malamai ke magana da yara a baranda lokacin da basu san ana kallonsu ba, da lokacin tashi na tsaya a mota ina kallon hayaniyar. A ɗaya na tambaya ya suke yi da yaro mai azumi lokacin cin abinci, matar ko ɗar bata yi ba tace laburare suke zuwa, muna da su da yawa. A wata kuma sai da na yi bayanin menene azumin. Wacce ta san azumin ita ce mai B ɗin, kuma can muka kama gida, bayan na kira distirik na karanto musu adireshin harafi harafi sun tabbatar min.

Akwai ƙananan abubuwa da suka ba mu mamaki waɗanda da mun sani da mun shirya. A birnin New York ana bada hutun Sallah ƙarama da babba tun 2015, nan namu distirik ɗin babu, sai dai doka ta yarda yaro ya yi fashi ranar idin addininsa ba a rubuta masa laifi ba, kawai ki aika takarda. Bas kuma a wurare da yawa sai gidanku ya kai mil 2 daga makaranta, mu mil ɗaya da ɗan wani abu ne, ga zafin Agusta na Houston, ga mota ɗaya, wata biyun farko na ji jiki. Sannan unguwannin da ake ta sabbin gine gine iyakar makaranta tana motsawa, bana kuna nan baɗi an buɗe sabuwa an maida layinku can, don haka ki tambaya ko akwai shirin sake shata iyaka.

Wanda ya fi min ciwo na auta ne. Haihuwar Oktoba ce, a birnin New York duk yaron da zai cika 5 kafin ƙarshen Disamba yana shiga kindagatin a shekarar, har mun saya mata jaka tana ta yawo da ita a falo. Texas kuwa sai yaro ya cika 5 zuwa 1 ga Satumba, sati biyar kacal suka hana ta. Nace to a mayar da ita ajin 'yan shekara 4, nan ma ashe ba kamar can bane da kowa ke shiga kyauta, sai mai ƙaramin ƙarfi ko yaron da bai iya Turanci ba da wasu rukunai. A fom ɗin harshen gida na rubuta Hausa don ita muke yi, suka gwada ta, yarinya ta zage ta dinga zuba musu Turancin Bronx, suka ce ai wannan bata buƙatar taimako. Albashin Abbanta kuma ya ɗan haura layin da suka ja. Haka muka ƙare da biya mata ta kuɗi kwana uku a sati, sauran kwana biyun tana gida tana bina kicin da jakarta a baya tana tambayata Umma yaushe za a kai ni makarantar su Yaya.